Bel Ta Bayan Baya

Tun da Baban Nafisa ya fara kallon bidiyon haɗarin mota a waya, gidanmu ya zama makarantar koyon tuƙi. Irin bidiyon nan ne da kyamarar gaban mota take ɗauka. Ana cin tuwo yana kallo, ana hira yana kallo, kuma ba ya kallo shi kaɗai, sai ya tura maka wayar har hanci.

"Dubi wannan jakin! Ina tazarar da ya bari? Ke Maman Nafisa, kin ga inda ya yi kuskure?"

Ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. Har maƙwabcinmu Oga Filibus ya ja ciki, su zauna a ƙofar gida nan Barnawa suna yanke wa direbobin duniya hukunci. Ƙarshe Baban Nafisa ya sayo tasa kyamarar, mai ido biyu, ɗaya yana kallon titi, ɗaya yana kallon cikin mota.

To amma malamin nan namu ba ya ɗaura bel. Wai yana yamutsa masa shadda. Mutum ne mai son sitaci, rigarsa sai ta tsaya ƙyam kamar kwali. Motar kuwa in ba a ɗaura ba, kuka take yi ba ƙaƙƙautawa. Sai ya samo dabara: ya zagayo da bel ɗin ta bayansa, ya danna shi a makullinsa, ya jingina a kai. Mota ta yi shiru, shadda ta tsira. Na yi magana har bakina ya gaji.

"Ni da nake ganin haɗari tun kafin ya iso? Bel na waɗanda ba su iya ba ne."

Abin da ya hana ni sakewa shi ne Nafisa. Ita kaɗai Allah ya ba mu, tana aji biyu a firamare, kuma kullum shi ke kai ta makaranta ta hanyar Narayi. Na ce a baya za ta riƙa zama, a ɗaure. Ya ce ya ji. Ashe da sun sha kwana take tsallakowa gaba.

Wata safiya ina shanya sai ga kira, wai in same su a asibiti. Wallahi ban san yadda na isa ba, takalmina ma wari da wari. Na tarar ana ɗinke mata goshi, yunifom duk jini, haƙorin gaba ɗaya babu. Likitan ya ce da motar ta fi haka gudu, da ta gilashi za ta fita. Babanta kuwa ya daki sitiyari da ƙirji, yana numfashi da kyar, amma bakin bai mutu ba. Wai mai keke ne, mai keke ne ya faɗo masa.

Da muka dawo gida, ko ruwa bai sha ba ya kira Oga Filibus, ya buɗe bidiyon. Wai mu zo mu ga shaida. Ni raina ya gama ɓaci, amma na tsaya. Gaskiya ne, mai keken ya yanko ba sigina, shi kuma ya taka birki a kan lokaci, ko gogar juna ba su yi ba.

"Kun gani? Ina laifina a nan?"

"Oga, gaskiya keken ne," in ji Filibus.

Na ce, "Kyamarar ba ido biyu gare ta ba? Nuna mana na ciki."

Ya fara kame-kame. Na fizge wayar na miƙa wa Filibus, ya lalubo, ya mayar da shi farko. Ga su nan a bakin kwanar layinmu. Nafisa ta tsallako gaba da jakarta. Ta jawo bel da hannayenta biyu, ta zagaya shi ta bayanta, ta danna, ta jingina. Sannan ta shafa gaban yunifom ɗinta, ta gyara shi tsaf, daidai yadda yake shafa shaddarsa. Ta ɗago tana kallonsa. Shi kuma ya yi dariya, har da dafa mata kai.

"Ɗiyar Babanta!"

Filibus ya ajiye wayar a hankali, ya ce Madam tana jiransa. Na juya kan Baban Nafisa.

"Sake kunnawa, Abdulmalik." Tun da aka yi aurenmu ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. "Ba kai ne mai nuna mana inda aka yi kuskure ba? To nuna mini. Waye jakin a wannan?"

Sai muryar Nafisa daga kan kujera, a kumbure, ta bakin da ba haƙori:

"Mama, kar ki yi wa Baba faɗa. Na ɗaura fa. Irin nasa na yi."

Nan ya dafe fuska, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ban tausaya masa ba, har yau ma ban gama hucewa ba.

Ranar da ta koma makaranta, na raka su har mota. Na zaunar da ita a baya, na ɗaure ta da hannuna. Na zagayo na tsaya a gefensa, na riƙe ƙofar. Ya jawo bel ɗin ta kan ƙirjinsa mai ciwo, sitacin ya yi ƙaras. Sai da na ji ya danna na saki ƙofar.