Tambayoyi Goma Bayan Kowane Littafi

"Ba zan raba musu ba, Yallaɓai."

Manaja ya ɗago kai ya dubi Malama, mai kula da ɗakin karatu, ta saman tabarau. Tun da ƙungiyarsu ta buɗe wa yara ɗakunan karatu guda biyu, ba a taɓa mayar masa da takarda kan teburinsa ba. Takardar kuwa tambayoyi goma ce, duk yaron da ya dawo da littafin aro zai amsa su a ba shi maki.

"Malama, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Masu ba mu tallafi ne ke son ganin lamba. Ƙarshen zangon nan ɗaki ɗaya za su ci gaba da riƙewa, wanda awo ya nuna yana aiki."

"Cewa aka yi yara su yi karatu don daɗi. Wane daɗi ne ake bin sa da jarrabawa?"

"To, 'Yar Gwal dai ta karɓi tata tun jiya, har da godiya."

Nan maganar ta soke ta. 'Yar Gwal, mai kula da ɗaya ɗakin, ajinsu ɗaya a makaranta, shekara shida tana zaune a bayan Malama tana leƙen amsarta. Yau ita ce a saman bene bakin babban titi, da fanka da kafet. Malama kuwa nata ɗakin a bayan garejin makanikai yake, tagarsa ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwar hannu.

Wata biyu da fara tambayoyin, rahoton ƙungiya ya fito. Ɗakin bene, aron littafi ɗari tara. Ɗakin bayan gareji, ɗari da arba'in. A bangon rahoton ga hoton 'Yar Gwal tana murmushi, yara sun kewaye ta.

A gida yayanta ya tarar da rahoton a kife kan tebur, ya juya shi.

"Auta, faɗa min tsakani da Allah, takardar ce ba kya so ko hoton nan?"

"Yaya, ka sha shayinka."

"Ni na ga kin kifa shi kamar ya zage ki."

Washegari ta hau benen nan, wai hanya ce ta biyo da ita.

"Ƙawata! Yau an tuna da talakawa?" in ji 'Yar Gwal, ta rungume ta, turarenta ya cika wa Malama hanci.

Malama ta ƙi zama, ta nufi kantar littattafai. Ta san sabon littafi: bakin shafukansa a manne yake zuwa daga maɗaba'a, sai mai karatu ya sa yatsa ya raba. Ta ɗauki ɗaya, katinsa ya nuna an are shi sau goma sha ɗaya. Daga shafi na biyar zuwa ƙarshe a manne. A cikin bangon baya wani ya jera amsoshi goma da fensir, don na baya ya huta. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, irin wanda rabonta da ji tun ranar da rahoton ya fito. Ta ɗauki na biyu, haka. Tana miƙa hannu ga na uku ta yi tuntuɓe da ƙafar mutum.

Wata yarinya ce a ƙarƙashin tebur, ta kifa kai cikin littafi, leɓɓanta na motsi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rabu da wannan," in ji 'Yar Gwal. "Don maki ta fara zuwa, yanzu sai na kore ta nake samun rufe ɗaki. Irinta sun kai bakwai."

Malama ta sauko benen bakinta da ɗaci. Da ma duk ƙarya ce, da ta yi barci da minshari.

Ranar awo, wani dattijo mai ladabi ya zo da takarda mai layi uku: yawan aro, makin tambayoyi, lafiyar littattafai. Makanikai na buga ƙarfe a bayan bango, yara talatin da 'yan kai suna baje a tabarma, wasu na karatu, wasu na faɗa kan wanda zai riƙe littafi.

Malama ta miƙa masa wani littafi da ya yi laushi kamar tsumma, an ɗinke gadon bayansa da baƙin zare.

"Ɗan tela ne ya are shi, sati shida bai dawo ba. Ya karanta wa ƙannensa, ya karanta wa kakarsa, maƙwabta suka karɓa. Da bangon ya cire, ubansa ya ɗinke. A wane layi za ka sa wannan, Baba?"

Mai awo ya juya littafin a hannunsa, ya daɗe yana kallon ɗinkin. Sannan ya rubuta: aro ɗaya, lalatacce ɗaya.

"'Yata, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na gani. Sai dai ba idona za a aika wa masu tallafi ba. Layin tsakiyar nan babu komai a ciki. Zan jinkirta miki mako guda, ki ba su tambayoyin su amsa."

Ta dubi yaran. Ta san su ciki da bai. Goma daga cikinsu za su cinye makin ɗakin bene ko da an tashe su daga barci ne. Har ta hango fuskarta a bangon rahoto, ta hango 'Yar Gwal na buɗe shi. Yawu ya taru a bakinta. Amma sauran ashirin ɗin, masu bin layi da yatsa suna haɗa baƙi da kyar, ta san dalilin zuwansu: nan ne kaɗai ba a tsayar da su a tambaye su.

"Ka bar shi yadda yake, Baba."

Ƙarshen zango aka rufe ɗakin. 'Yar Gwal da kanta ta zo da motar ƙungiya kwasar littattafai, ta ja Malama gefe.

"Ƙawata, ina neman mataimakiya. Wallahi ba da wata manufa ba."

"Na gode. Ki riƙe kwalin nan ta ƙasa, gindinsa ya jiƙe."

Malama ba ta karɓi tayin ba, ta rasa ɗaki, ta rasa aiki. Daga cikin yaranta biyar ne iyayensu suka yarda su riƙa tsallaka babban titi zuwa bene, sauran suka daina aron littafi. Wata tara ta yi tana yawo da takardunta ofis-ofis, kuma ko sau ɗaya ba ta iya rantsewa cewa don yaran kaɗai ta ƙi raba tambayoyin ba.