Alƙiblar Safiyyatu

Safiyyatu irin mutanen nan ce da in suka ce ruwa, to ko rana ake ƙwallawa sai ka nemi lema. Korona ta sa ta yi karatun zanen gine-ginenta na wata jami'ar Doha daga ɗakin mahaifiyarta a Zariya, ba ta taɓa taka Qatar ba. Aikinta na ƙarshe zanen masallaci ne na 'yan kallon ƙwallo, kusa da filin wasa na Al Thumama. Wanda zanensa ya tsallake ne kawai za a bai wa gurbin koyon aiki, ita kuwa ta riga ta shaida wa duk dangi cewa nata ne.

Malaminsu Dakta Masahudu ya yarda su yi aiki da manhajar ƙirƙirarriyar basira, da sharaɗi guda: duk inda ɗalibi ya ƙi shawararta, zai kare kansa da bakinsa ranar gabatarwa. Manhajar ta yi wa Safiyyatu rana. Ta auna mata iska da inuwa, ta rage mata ginshiƙai. Wuri ɗaya suka saɓa. Kullum sai ta ce wurin tsayuwar liman ba daidai yake ba, a mayar da shi yamma.

"Ji shisshigi," in ji Safiyyatu. "Na'ura ce za ta koya mini salla?" Ta bar limaminta yana kallon gabas, kamar na kowane masallacin Zazzau.

Ta sauka Doha gasar cin kofin duniya na gab da farawa, gari duk tutoci, gabatarwa kuma jibi. Gwaggonta Atine, ma'aikaciyar jinya, ta kai ta gidanta a Al-Sadd. Da aka kira magariba, Safiyyatu ta shimfiɗa dadduma ta juya wa taga baya, ta fuskanci gabas.

"Ke 'yar nan, ina za ki?" in ji Gwaggo. "Yalla, maza juyo nan. Makka tana yamma da mu."

Ta juyo. Ga jan faɗuwar rana sosai a gabanta. Kunya ta rufe ta, ta yi sallar nan tana tuna limamin zanenta mai kallon gabas.

Amma ba ta zauna kuka ba. Manhajar ta juya ginin nan take, sai dai ƙofofi suka faɗo gaban sahu, wurin alwala ya koma cikin rana. Waɗannan ita ta gyara su da hannunta, don ta san yadda mai makara yake shigowa ba tare da ya ƙetare masu salla ba. Wuni guda ta yi a kai, Gwaggo na ɗura mata shayi.

Ranar gabatarwa ta kafa zane biyu a bango, tsoho da sabo, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Dakta Masahudu ya daɗe yana duban ƙofofin, sannan ya ce gurbin nata ne.

"Amma faɗa mini, wa ya gano kuskuren, ke ko manhaja?"

"Ita ta faɗa tun bara, Malam," in ji Safiyyatu. "Ni sai da rana ta faɗi a gabana."