Mai Agogo Ya Dawo Daga Asibiti

"Wannan ba gidana ba ne," in ji Mai Agogo, ya dafe bakin ƙofa ya ƙi shiga.

Goggo, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, tana riƙe da jakar kayansa na asibiti. Ta yi dariya don ta ga matarsa ta yi. "Haba Malam, hanji aka ɗinke maka, ai ba a taɓa kai ba. Shiga mana, ko sai an yi maka guɗa?"

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Mutumin da shekara da shekaru take kai wa agogon bango gyara, yana tsokanarta wai ita ce ke gajiyar da shi da surutu.

Da suka kwantar da shi, Goggo ta ja matar gefe. "Yaya, tun yaushe yake haka?"

"Tun da ya farfaɗo."

"Likita ya sani?"

Matar ta sunkuyar da kai. Ashe kullum likita ya zo zagaye ya ce "Baba, ya jiki?", sai Mai Agogo ya amsa tsaf, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Gaisuwa kam ba ta ɓace masa ba. In an juyo gare ta, ita ma ta ce da sauƙi. To wace mace za ta buɗi baki a gaban cikar ɗaki ta ce mijinta na kiran ta da sunan uwarsa da ta rasu? Haka aka sallame su.

"Kar ki gaya wa kowa," in ji matar. "A ce ya taɓu?"

Goggo dai bakinta ba ya riƙe magana, amma wannan ta riƙe ta, har kwana biyu. Tana jin sa ta katanga yana faɗa da mutanen da ba su nan. Rana ta uku ta kasa, ta kira 'yarsa a waya, 'yar ta haɗa su da likita.

Da suka faɗa masa halin da ake ciki, muryar likitan ta canza. Ya tambayi magungunan da yake sha. Matar ta ce babu, sai ɗan farin nan na rage kitsen jini, shi kuwa ai ya zama kamar abinci, ko a asibiti ba ta fasa ba shi daga jakarta ba.

"Kuma ba ku faɗa ba, Mama? Ban ce shi ne ba, masana ma ba su daidaita a kai ba. Amma rikicewa bayan tiyata ba abin ɓoyewa ba ne. Ku kawo shi yanzu."

Suka shiga ɗakin. Gado ba kowa, ƙofar waje a buɗe, rana tsaka.

A matattakalar tsohon shagonsa aka same shi, zaune, ya jingina da ƙyaure, ɗinkin ya buɗe, rigarsa ta jiƙe. Goggo ta durƙusa. Ya ɗago ido da ƙyar.

"Ku ce wa matata na kusa tashi," in ji shi. Matar na tallafe da kansa.

Bai kai asibiti ba.

Bayan kwana biyu Goggo ta leƙa ta katanga. Matar ta wanke rigar ta shanya, tabon bai fita ba. Tana tsaye tana kallon iska na cika ta tana sakewa.