Mazon da ya ci mini masara

Shekarar da aka sauke tutar Bature, unguwarmu Maamobi rabinta daji ce. A can nake da gonar masara, ita ke ciyar da gidana. Sai wani mazo, ƙato kamar ɗan maraƙi, ya mayar da ita tasa. Kullum da sassafe ya ci layi guda.

Ɗana Abass ya ce zai harbe shi. Bindiga sai da lasin, saboda haka ya ɗauko bakan ubansa. Kibau kuwa shi ya yi abinsa: kara marar nauyi, kai na gwangwanin sadin, faɗinsa kamar tafin hannu.

"Mma, dubi gudu! Ido ba ya ganinta."

Ya harba ya samu. Mazo ya girgiza jiki, kibiya ta faɗi, washegari ya dawo cin masara.

Ni ubana maharbi ne a Salaga, ni nake shafa wa kibansa mai. Na ɗauko fatar saniya da nake dafa wele, wato ganda, da ita, na ɗaure a jikin mangwaro.

"Harba."

Kibiya ta daki fata, kai ya lanƙwashe.

"Abass, da muciya ake daka fufu?"

"Da taɓarya."

"Don me?"

"Nauyi."

"To buhu fa, da basilla ake huda shi ko da cokali? Ka ɗaura cokali a kan kara ka ce za ka kashe nama. Mazo ne ko kifin gwangwani?"

Matarsa Lariba ta yi dariya har ta ƙware.

Na aike shi Sabon Zongo wurin Mahama maƙeri. Ni na karɓi haihuwar tagwayensa ranar da ungozoma ta yi tafiya, bai manta ba, ni ma ban manta ba. Na ce Mahama ya ƙera kai siriri da ƙarfen sifirin lori, kaifi biyu, a dasa shi a kyauro mai kauri, miƙaƙƙe. In sanda ta karkace, ƙarfin harbin gefe yake tafiya.

Abass ya dawo da kibiyar, ya auna ta a hannu ya ɓata rai.

"Wannan ba za ta yi nisa ba kuraa, ko kaɗan."

"Kai za ka matsa kusa. Kuma ka bar kafaɗa, ƙashi ne. Bayan hammata."

Na shafe ta da man kaɗe. Ya harbi fatar nan, ta huda ta shige cikin mangwaro, sai da wuƙa aka ciro.

Bayan asuba ya tsuguna cikin masara, iska na busowa daga wajen mazo. Ya yi bismilla ya saki. Kibiya ta shiga ta nan, bakinta ya leƙo ta can. Mazo ya ruga, bai kai rafin bayan gona ba, Abass ya same shi da rai ya yanka.

Masara ta nuna, mun cika rumbu. Cinya guda na aika wa Mahama, tsakanina da shi ba sauran bashi. Sauran naman na soye, muka ci da tuwon masarar da mazo ya rage.