Makulli a Tsakiyar Gurasa

Rifkatu ba ta yarda da mai jin Hausa a Alƙahira, kuma wallahi ba laifinta ba ne. Mai Hausa ce ta ɗauko ta daga Zonkwa da daɗin baki, ta danƙa ta aikatau gidan Madam Nada, inda aka karɓe mata fasfo, ake kulle ta a ciki kamar akuya. Ko cefane ba ta sauka. Kwando take zurawa da igiya daga baranda, mai kaya ya saka, ta jawo.

Wata safiya mai gurasar bakin titi ta ɗaga kai ta ce, "Sannu da aiki, 'yar'uwa." Da Hausa! Tagwa sunanta, Bahaushiyar Sudan, a unguwar Arba wa Nus take zaune. Wai waƙar coci ta ji Rifkatu tana rerawa wajen shanya. Rifkatu ta amsa a daƙile, a ranta tana cewa ai haka waccan ma ta fara.

Kullum da tambayar da Tagwa za ta ƙwala, tunda babu mai jin yarensu a layin. Ana biyanki? Ina takardunki? Kin taɓa fita? Sannan ta ƙara mata gurasa ɗaya kyauta. Kyautar nan ta fi komai tsaya wa Rifkatu a rai. Wa ke kyauta a garin nan? Ga shi kuma ta sha hango Madam tsaye wurin Tagwa suna ta dariya.

Can gida Zonkwa, Rifkatu ce ke koyar da yara a coci ran Lahadi. Ta sha ba su labarin yadda Allah ya fid da Isra'ilawa daga bauta a Masar ɗin nan da take ciki, tana caccakar butulan da suka haye teku sannan suka koma kukan albasa da tukunyar nama. Yanzu kam ta daina caccakarsu. Su ma sai da suka ga al'ajabi da idonsu kafin suka bi Musa. Ita me ta gani? Mai gurasa da haƙorin Makka? Ta roƙi Ubangiji alama har ta gaji, shiru kake ji.

Ranar da Madam ta kwashi yara suka tafi hutu bakin teku, kwando ya hau da makulli a tsakiyar gurasa.

"Wajen matar mai gadi na aro, na yanko wani," in ji Tagwa daga ƙasa. "Yalla, maza sauko. Ki kwana ɗakina, gobe mu je ofishin jakadancinku."

Rifkatu ta je ƙofa, ta zura makullin. Ya juya lafiya lau, kuma sauƙin nan ne ya tsorata ta. Haba! Wannan ai gwaji ne. Madam ce ta shirya, tana sa ƙafa a titi a ce ta yi sata, 'yan sanda su kwashe ta. Ta mayar da ƙofar ta kulle, ta jefa makullin a kwando ta zura shi ƙasa. Tagwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ma'alish, ba komai," ta ci gaba da cinikinta.

Da Madam ta dawo, Rifkatu ta kawo mata shayi tana jin kanta a sama, yau za a san ita mai amana ce. Cikin guntun Larabcinta ta ce, "Madam, makullin da kika aiko mai gurasa da shi, na mayar. Ni ba mai gudu ba ce."

Madam ta ajiye kofin a hankali.

"Wane makulli?"

Madam ta miƙe da waya a hannu ta fita baranda, Rifkatu na biye da ita. Can ƙasa Tagwa na jera gurasa. Da ta hango su, ta ɗaga hannu ta gaishe su.