Tabarau na Haula

Shekara biyu Haula ta yi a aji huɗu. Kullum tana can baya jikin taga, littafinta ba komai sai 'yan layuka a karkace. Malamarsu, Madam Albertine, ta daɗe da yanke cewa yarinyar ba ta ja. Yara tamanin ne a gabanta, wa za ta bi ɗaya-ɗaya?

Da hutu aka tara malamai a Garwa, aka yi musu horon sati biyu kan yadda za a riƙe 'yan mata a makaranta. Mai koyar da su ta ce kafin a kira yaro daƙiƙi, a fara duba ko yana gani, ko yana ji. Ta raba musu kwali mai haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Nan take Haula ta zo wa Albertine a rai.

Aka koma makaranta, har sati guda ba Haula. Albertine ta hau mashin zuwa bakin kogin Binuwai, inda uwar yarinyar, Ƙaltume, ke soya kifi. Ta tarar da Haula tana fere shi.

"Madam, ki yi haƙuri," in ji Ƙaltume bayan sun gaisa. "Kullum da kuka take dawowa. Gara ta koyi abin da na iya."

"Maman Haula, ara mini ita minti biyar."

Ta rataya kwalin a jikin darbejiya, ta ja yarinyar baya taku shida. Haula ta karanta babban harafin sama, ta tsaya.

"Ci gaba."

"Madam, akwai wasu ne?"

Ƙaltume ta ajiye matsami. Ita ba ta yi boko ba, amma daga inda take zaune tana ganin layukan tar. Ta tuna sau nawa ta yi wa 'yar nan faɗa don ta wuce manya a hanya ba gaisuwa. Ta jawo ta jikinta, hannu duk mai.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Inna, na zaci kowa haka yake gani."

Shirin da ya horar da malaman yana da tallafi na 'yan matan da ke neman barin karatu. Albertine ta yi ta sintiri ofishin direkta, shugaban makarantar, har aka sa sunan Haula. Aka biya kuɗin asibitin ido da na tabarau, aka haɗa mata da littattafai.

Ranar da aka sa mata tabarau, Haula ta daɗe tana kallon uwarta.

"Inna, ashe kina da furfura."

Ƙaltume ta yi dariya har da hawaye.

Karatun bai zo nan take ba, sai da Albertine ta riƙa zama da ita bayan an tashi. Ƙarshen shekara Haula ta wuce zuwa aji biyar. Albertine kuwa ta gwada ajin gaba ɗaya, ta samu wasu yara uku da ba sa gani sosai.