Ƙwayoyin da Ke Cikin Gwangwanin Fenti

Babanmu mai fenti ne. Shekara talatin da bakwai yana hawa tsani, ƙafarsa ba ta taɓa rawa ba sai da muka fara kula da lafiyarsa.

Bara aka gwada jininsa, aka ce kolestarol ɗinsa ya hau, wato maiƙo ya yi yawa a jinin. Likitan da ya duba shi, a gida Minti Uku muke ce masa, don ba ya wuce haka da mara lafiya. Mutum ne mai ladabi ƙwarai ga kwamfutarsa, ita yake gaisarwa, ita yake kallo, ita yake yi wa sallama. Ya rubuta wa Baba ƙwaya ɗaya kullum, ya ce a rage nama mai kitse, ya ce na gaba ya shigo.

A gida kuma muna da namu gwanin, mijin yayata, mai sayar da cajar waya. Farfesa muke kiransa, don ba cutar da bai gama karatunta a bidiyon waya ba.

"Baba, ai hantarka ce da kanta take haɗa kolestarol," in ji shi, bakinsa cike da soyayyen ƙwai. "Ƙwaƙwalwa ma sai da shi take aiki. Kawai so suke ka yi ta shan magani har kabari."

Abin haushin, rabin maganar tasa gaskiya ce, shi ya sa ɗaya rabin ke wucewa ba wanda ya tare shi.

Sai na naɗa kaina 'yar sandan gida. Kullum da safe in miƙa wa Baba ƙwaya da kofin ruwa, in tsaya a kansa har ya shanye. Na kori man shanu daga firji. Ina alfahari da kaina sosai, har ƙawayena nake ba labari.

Wata bakwai muna haka. Ran wata Talata muna karin kumallo, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace gefe guda. A asibiti suka ce wata ƙaramar jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ya tsira da ransa, maganarsa ta dawo, amma hannun dama ya ƙi riƙe ko cokali. Na tsorata irin tsoron da ban taɓa ji ba.

Bayan an sallame shi na shiga sitonsa in kimtsa kayan aiki. Na ɗaga wani tsohon gwangwanin fenti, na ji yana kaca-kaca. Na buɗe. Ƙwayoyina ne, farare tas, a tare wuri guda, Baba dai bai iya ɓarna ba.

Na tarar da Farfesa a falo, na sauke masa duk abin da ke bakina.

Baba ya ɗaga hannun hagu daga kan kujera. "Ƙyale shi, auta. Wannan? Ko kalar ƙofa ba zan nemi shawararsa ba."

"To me ya sa, Baba?"

"Cinyoyina ne. Sati uku da fara sha suka kama ciwo, suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Ina mataki na shida, da bokiti a hannu, ƙafata ta hau rawa. Da na daina sha, ta daina. Sai na zaɓi tsani."

"Ka kasa faɗa min?"

"Ke ma ai kofin kike kallo."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar komawa asibiti na tafi da gwangwanin. Minti Uku yana danne-dannensa, ya ce, "Yana shan maganin dai ko?" Na juye masa gwangwanin a kan tebur. Ƙwayoyi suka watsu, wasu suka shige tsakanin maɓallan masoyiyar tasa.

Likitan ya ɗago kai.

"Ashe kana da gashin baki, likita," in ji Baba.

Na yi bayanin cinyoyin. Likitan ya cire tabarau, ya murza ido. Ya ce hakan yakan faru da wasu, da an faɗa masa da ya rage ƙarfin maganin, ko ya canza wani. Aikin minti ɗaya ne, in ji shi. Ashe har da canjin minti biyu za a ba mu.

Wannan karon ya tambayi Baba barcinsa, abincinsa, ciwon iyayensa, ya zana masa jijiya a takarda ya nuna inda maiƙon ke taruwa. Baba ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya tallafo hannun damansa da na hagu, ya ɗora shi a kan teburin, cikin ƙwayoyin.

"Na ji duka, likita. Tsani fa? Yaushe?"

Likitan ya dubi hannun, ya daɗe. Sai ya mayar da idonsa kan kwamfuta.